Tagullar Barcelona da Mary Onyali: sa'a ce ko iya gudu?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare musu ya kaure tsakanina da ƙanena a kan wani tsohon hoto da ya ci karo da shi a Facebook. Mata huɗu ne 'yan Najeriya a filin tsere, suna ihun murna kamar an yi musu albishir da kujerar Makka. Ya tambaye ni su waye. Na ce 'yan gudun miƙa sanda ne na Olamfik ɗin Barcelona a 1992: Beatrice Utondu, Faith Idehen, Christy Opara-Thompson, sai Mary Onyali da ta karɓi sanda a ƙarshe. Ya ce me suka ci? Na ce tagulla. Wallahi sai yaron nan ya kwashe da dariya, wai na uku suka zo suke wannan tsallen. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Wannan ita ce lambar Olamfik ta farko da matan Najeriya suka taɓa ciyowa. Hoton ma da yake yi wa dariya, Ken Geiger ne ya ɗauke shi, yana cikin hotunan gasar da suka sa aka ba shi kyautar Pulitzer ta aikin jarida shi da abokin aikinsa a 1993. Ni dai matsayina shi ne har yau ƙasar nan ba ta fitar da 'yar gajeren tsere kamar Onyali ba. Wanda yake da ja, fili nasa ne.

Sarkin Musu: Wa alaikumus salam Baba. Ina da ja, kuma a yi min afuwa tun yanzu. Tagullar nan faɗuwar wani ce ta zama tashin wani. Jamaika ce ke riƙe da kambun duniya na wannan tseren tun Tokyo 1991, kuma a ranar tana da Juliet Cuthbert da ta ci azurfa a mita 100 da 200 a wannan makon, ga Merlene Ottey na jiran sanda a ƙarshe. Tsokar ƙafar Cuthbert ta riƙe, ba su ƙarasa ba. Amurka ta yi daƙiƙa 42.11, tawagar tsohuwar Tarayyar Sobiyat 42.16, mu kuma 42.81. Ratar da ke tsakaninmu da na biyu ta fi rabin daƙiƙa. Da Jamaika ta ƙarasa lafiya, na huɗu za mu zo, babu hoto babu labari.

Auta: Ni dai ɗan kallo ne. Amma rabin daƙiƙa har wani abu ne?

Tsohon Malamin Wasanni: Auta, a wannan gudun mace na cin kusan mita 10 a daƙiƙa ɗaya. Ratar da yake magana ta kai mita 6 ko fiye, kamar tsawon ɗaki babba. A nan Sarkin Musu bai yi ƙarya ba. Amma ya manta ya waiwaya baya. Faransa ta zo ta huɗu da 42.85, wato abin da ya raba su da mu bai kai taku ɗaya ba. Shi ya sa matan suka tsaya suna kallon allon sakamako, sai da sunan Najeriya ya fito sannan ihun ya ɓarke.

Bari in ɗan yi bayanin abin, don na shekara da shekaru ina koya wa yara shi kafin in yi ritaya. Mutane na ɗauka gudun miƙa sanda tara masu gudu huɗu ne kawai a ce su ruga. Sanda ce ake yi wa lissafin lokaci, ba mutum ba. 'Yar bututu ce, tsawonta santimita 28 zuwa 30, nauyinta bai gaza giram 50 ba. Dole a miƙa ta a cikin wani yanki da aka shata. A zamaninsu Onyali mita 20 ne, da wasu mita 10 a gabansa na ɗaukar gudu, yanzu kuma an haɗe su ya zama mita 30. Mai karɓa ba ta waiwaye. Tana manna alama a ƙasa, da zarar mai kawowa ta taka alamar sai ta fyalla da gudu kamar babu kowa a bayanta, sai ta ji an kira ta sannan ta miƙa hannu baya. In ta tashi da wuri, ta tsere wa 'yar'uwarta su fita daga yankin, an kore su. In ta makara, su yi karo. Ta farko da ta uku su ke gudu a kwana, sanda na hannun dama suna manne da cikin layi. Ta biyu da ta huɗu su karɓa da hagu. Ku lissafa: ko da a ce kowaccensu na gudun mita 100 a daƙiƙa 11 cif, jimilla 44 ke nan. To ina sauran daƙiƙa ɗaya da wani abu ta tafi? Uku daga cikinsu suna cikin gudu suka karɓa, sandar ba ta taɓa tsayawa ba. Wannan ba ya zuwa da sa'a, sai an maimaita shi sau ɗaruruwa.

Maman Hanifa: Malam ka tuna min da intahaus. Mu da guntun rake muka fara koyo, in an gama a shanye shi.

Tsohon Malamin Wasanni: Hajiya ai ku masu gata ne, namu karan dawa ne. Ga misali ga Sarkin Musu. A Beijing 2008 matan Jamaika sun share mita 100 kaf: Shelly-Ann Fraser ta ɗauki zinare, Sherone Simpson da Kerron Stewart suka yi kunnen doki a azurfa, Veronica Campbell-Brown kuma ta ci mita 200. Babu wanda ya isa ya kama su. Da aka zo miƙa sanda, tsakanin Simpson da Stewart abin ya watse. Amurka ma ta yar da tata tun zagayen share fage, bayan a Athens 2004 ta kasa miƙawa tsakanin Marion Jones da Lauryn Williams. Najeriya ta kai sandarta gida ta zo ta uku. Daga baya a 2016 aka ƙwace zinaren Rasha saboda ƙwayoyin ƙara kuzari, Beljiyam ta hau, tagullarmu ta koma azurfa. Kai sanda gida shi ne jarrabawar, wanda ya yar ya faɗi.

Sarkin Musu: Allah ya gafarta Malam, ai ka ƙara min hujja ne. Sau biyu matanmu suka ci lamba a wannan tseren, sau biyun kuma sai da Jamaika ta fita daga hanya. Sannan na 1992 ba kuskuren miƙawa ba ne, rauni ne. Cuthbert ba ta yar da komai ba, ƙafarta ce ta ƙi.

Tsohon Malamin Wasanni: Wannan kam ka kama ni. Rauni ne, na yarda.

Baban Ummi: Ni ban yarda an gama ba. Shin kurar da ta sami nama a hanya, ba sai ta fito yawo ba tukuna? Ƙasashe nawa suka shiga tseren? Jamus na cikin na ƙarshen nan, Faransa na ciki, duk sun ga Jamaika ta fita, me ya hana su ɗauka? Kuma kai mai son lissafi, duba zagayen da ya gabaci na ƙarshe: matan nan sun yi 42.39. Wannan lokacin ya zauna a matsayin bajintar Afirka shekara 30, sai a 2022 a gasar duniya ta Eugene a Amurka wasu 'yan Najeriyar suka karya shi da 42.22. Takalma sun canja, filaye sun canja, kuɗi sun shigo, amma aka ɗauki shekara 30. Ita kanta Onyali a wannan makon ta kai tseren ƙarshe na mita 100 ta zo ta bakwai, wato tana cikin mata takwas mafi gudu a duniya a lokacin. Ba 'yan rakiya ba ne da aka jefa musu lamba ta taga.

Amma mu bar Barcelona tunda ka ƙi ta. Je ka Atlanta 1996, mita 200. Wa ya faɗi a can? Wa ya ji rauni? Marie-José Pérec ta Faransa 22.12, Ottey 22.24, Onyali 22.38. Ta huɗu Inger Miller ce, Ba'amurkiya a gaban jama'arta, 22.41. Na kalli wannan a gidan maƙwabcinmu mai janareta, dare ya raba, har matar gidan ta leƙo ta ce ko gobara ake yi.

Sarkin Musu: Atlanta ba ni da ta cewa, halaliyarta ce. Amma ko a Atlantar ba ita ce tauraruwa ba. Chioma Ajunwa ta yi dogon tsalle na mita 7.12 ta kawo zinare. Falilat Ogunkoya ta kawo lamba biyu: tagulla a mita 400 da daƙiƙa 49.10, da azurfa a miƙa sanda na mita 400 sau huɗu tare da Bisi Afolabi, Fatima Yusuf da Charity Opara. Falilat ma ta riga Onyali hawa mumbari da 'yan kwanaki. Kuma tun suna yara, a gasar matasa ta duniya a Athens 1986, Falilat ce ta ci mita 200, Onyali ta bi bayanta.

Auta: Au, ashe har da 'yar Arewa a ciki? Fatima Yusuf 'yar wace jiha ce?

Maman Hanifa: Auta kada suna ya ruɗe ka, 'yar Owo ce a jihar Ondo. Ita ta ci mita 400 a gasar ƙasashe rainon Ingila a Auckland 1990. Mu ma muna makaranta mun daɗe muna cika baki da ita kafin a faɗa mana gaskiya.

Baban Ummi: Sarkin Musu kana gauraya gero da dawa. Cewa na yi gajeren tsere, mita 100 da 200. Chioma tsalle ta ci. Falilat zagaye guda take yi, wani fanni ne daban mai nasa wahalar, kuma ina girmama ta ƙwarai. Tobi Amusan da za ka kawo min nan gaba, na san halinka, tsallake shinge take yi. Tambayata ɗaya: tun da Najeriya ta fara zuwa Olamfik, wa ya taɓa cin lamba a mita 100 ko 200 da tutarmu, mace ko namiji? Onyali kaɗai. Francis Obikwelu ya ci azurfa a 2004, amma da rigar Fotugal. A matan Afirka baki ɗaya ma, bayan ita sai da aka shekara 25 kafin Christine Mboma ta Namibiya ta ci azurfar mita 200 a Olamfik ɗin Tokyo.

Sarkin Musu: To Blessing Okagbare fa? Mafi kyawun lokacin Onyali a mita 100 shi ne 10.97, Blessing ta yi 10.79 a Landan 2013. A mita 200 Onyali ta yi 22.07 a Zurich 1996, Blessing ta karya shi da 22.04 a 2018. Blessing ta haɗa zinaren mita 100 da 200 a gasar ƙasashe rainon Ingila ta Glasgow 2014, abin da Onyali ta kasa a irin wannan gasar a Victoria 1994 don Cathy Freeman ta doke ta a 200. Kuma Blessing na da tagullar mita 200 a gasar duniya ta Mosko 2013. Onyali duk daɗewarta ba ta taɓa hawa mumbarin gasar duniya ba. Agogo ba ya son kai, Baba.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum, ni baƙo ne daga ƙetaren iyaka amma ina bin ku tun ɗazu. Ɗan'uwa ka faɗi farkon labarin Blessing ka bar ƙarshensa. An cire ta ana tsakiyar Olamfik ɗin Tokyo, daga baya a 2022 aka yanke mata haramcin shekara 10 a kan ƙwayoyi, aka ƙara ɗaya ya zama 11. Ba ina cewa a goge duk abin da ta yi a baya ba, amma in ana auna rayuwar ɗan wasa dole a sa wannan a sikeli.

Sarkin Musu: Ban ɓoye ba, ban kai wurin ba ne.

Maman Hanifa: Ku maza kun tsaya kan lambobi da daƙiƙoƙi. Ni abin da ke ba ni mamaki a matar nan shi ne daɗewa. An haife ta 1968. Ta je Seoul 1988 tana 'yar shekara 20, ta je Barcelona, Atlanta, Sydney, ta rufe da Athens 2004 tana da 36. Ita ce ta fara zuwa Olamfik sau biyar a 'yan Najeriya. A wasannin Afirka ta fara cin mita 200 a Nairobi 1987, ta ci 100 a Alƙahira 1991, ta haɗa biyun a Harare 1995, sannan ta dawo Abuja 2003 tana da shekara 35 ta sake haɗa su a gaban 'yan ƙasarta, tana tsere da yaran da suka taso suna jin sunanta a rediyo. A tsakanin nan ta yi aure, ta zama Onyali-Omagbemi, mijinta Victor Omagbemi shi ma ɗan tsere ne. Wadda duk ta taɓa yin gudu ta san cinya ba ta da alƙawari. Ni ina aji biyar gwiwata ta fara ƙara.

Kuma tunda Malam ya tono intahaus, bari in faɗa. A makarantarmu ta kwana ta 'yan mata ni ce mai karɓa ta uku a gidanmu, jan gida. Akwai wata yarinya da ke karɓa daga hannuna, ba takalmi take gudu, wallahi in ta karɓi sanda sai dai ka ga ƙura. Mun je gasar shiyya mun ci, aka zuba mana gulukos a tafin hannu muka lashe, aka ba mu bokitin roba da sabulu. Shi ke nan. Ba wanda ya taɓa riƙe agogo ya auna ta, balle a san ko gudun nata na duniya ne ko na ƙauye. Muna gama makaranta aka ɗaura mata aure, yanzu tana da jikoki. Ba na cewa ta yi asara, tana cikin rufin asirinta. Amma duk lokacin da na ga hoton nan na Barcelona ita nake tunawa.

Tsohon Malamin Wasanni: Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Onyali ma daga wasannin makaranta aka gano ta a Legas. Bambancin shi ne an sami hanyar gaba: a 1985 ta tafi Jami'ar Texas Southern da ke Houston, inda ake haɗa karatu da horo da gasa kusan kowane mako a kakar wasa. Yawancin 'yan zamaninta ta wannan ƙofar suka bi, har yau ma ita ake bi. Favour Ofili da ta yi 21.96 a 2022 daga jami'ar Amurka ta fito. Mu nan mun iya tsiro, reno ne ba mu iya ba. Ni na sha kai yara gasa da kuɗin aljihuna a motar haya, mu kwana a aji kan benci.

Sarkin Musu: To ashe Amurka za mu yi wa godiya ke nan ba kanmu ba.

Baban Ummi: Kai dai ba ka rasa abin faɗa. Ottey ma a Nebraska ta yi jami'a, ka taɓa jin Jamaika ta ce ba tata ba ce? Kuma tunda an ambace ta: Olamfik bakwai ta je, lamba tara ta tara, babu zinare ko ɗaya. A Atlanta ita da Gail Devers duk 10.94 suka yi, hoto ya raba su aka ba Devers. Je ka gaya wa mutumin Kingston cewa Ottey ba komai ba ce don ba ta da zinare, ka ga yadda za ku rabu.

Ɗan Damagaram: Mu a Nijar mun san zafin na huɗu, shi ya sa dariyar ƙanen Baba ta ba ni haushi. Aminatou Seyni ta zo ta huɗu a mita 200 a gasar duniya ta Eugene 2022 da 22.12, Dina Asher-Smith ta Ingila ta ɗauki tagulla da 22.02. Kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A shekarar ta ci kofin Afirka a wannan tseren, amma waccan tagullar da ta kuɓuce har yanzu muna jin ta. Kuma mu ba mu da mata huɗu masu irin wannan gudun da za mu haɗa su miƙa sanda. Ku da kuka taɓa samun huɗu a lokaci guda, har da na ajiya, ku ne kuke raina abin.

Wani Bawan Allah: Ni fa duk wannan bai dame ni ba, shigar da suke yi ce matsalata. Ina amfanin lamba in babu sutura?

Maman Hanifa: Malam mu da dogon wando da riga mai hannu muka yi namu, kuma mun ci. Yanzu ma ana gudu da hijabi a manyan gasa, dokar tsere ba ta hana ba.

Shugaban Zaure: Jama'a a tsaya kan maudu'i. Mai son waccan maganar ya buɗe mata nata zaren.

Auta: Tambaya ta ƙarshe Malam. Me ya sa aka sa Onyali a ƙarshe? Don ta fi su gudu ne?

Tsohon Malamin Wasanni: Yawanci haka ne, amma ba shi kaɗai ba. Ta ƙarshe sau ɗaya take taɓa miƙawa, karɓa kawai take yi, don haka aikin hannunta kaɗan ne. Abin da ake nema a wurinta zuciya ce. Tana tsaye tana ganin wasu sun karɓa sun wuce, kuma ba ta da ikon motsawa sai tata ta taka alama. Yara da yawa a nan suke rikicewa su tashi da wuri. Sannan in ta karɓa, ga numfashin wata a kafaɗarta, kada ta ɗaure jiki, don mai ɗaure jiki gudunsa raguwa yake yi. Wasu masu horarwa ma sukan sa gwanarsu a ta biyu saboda miƙaƙƙiyar hanya ce kuma ana iya tsawaita mata. Ni a makaranta mai taurin kai nake sawa a ƙarshe, wadda ba ta son a wuce ta ko a layin abinci.

Sarkin Musu: To Baba, ga inda na tsaya. Atlanta tata ce, daɗewa tata ce, 42.39 ma na karɓa don ban san da shi ba. Amma tagullar Barcelona har gobe ina cewa da hannun ƙaddara a ciki.

Baban Ummi: Wace lamba ce babu hannun ƙaddara a ciki? Na tura wa ƙanen nawa zaren nan gaba ɗaya. Ya karanta, ya ce wai shi yanzu so yake a auna shi a mita 100 ranar Asabar a filin makarantar unguwarmu. Malam, in kana da tsohon agogonka ka zo da shi. Na ce masa in ya yi ƙasa da daƙiƙa 14 kuɗin man babur ɗinsa na mako guda a kaina.

Tsohon Malamin Wasanni: Agogo na nan, batir ne babu. Ka sayo batir, kuma ka ce masa kada ya ci tuwo kafin ya zo.